Bakin Malami Shi Ke Gina Yaro, Shi Ke Rusa Shi: Tsokaci Daga Kankiya Da Kusada

A hutun ƙaramar Sallar da ta gabata na je gida, kuma kamar yadda na saba, na biya ta kasuwar Kankiya domin in gaisa da wani abokina wanda muka shiga aji ɗaya na firamare tare a ƙarshen shekarun 1980, a wata makarantar ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Shi yanzu dillalin hatsi ne. Ina zaune a kan benci a rumfarsa sai wani mutum ya iso da buhunan gero da dawa da wake, kowanne da farashinsa, ga kuɗin dako, ga la'ada, ga kuma wani tsohon bashi da za a cire. Kafin in lalubo wayata daga aljihu in fara bugawa, abokin nan nawa ya faɗi jimilla. Da na buga, ko naira ɗaya bai kuskure ba. Na ce masa, "Kai mutumina, ai wannan kan naka ya fi inji." Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Dakta, ku ne masu ƙwaƙwalwa. Mu ai tun muna aji uku aka gaya mana matsayinmu."

Na san abin da yake nufi, domin a gabana aka yi. Muna aji uku wani malami ya tashe shi ya karanta jimlar Turanci da ke kan allo, ya kasa. Malamin ya ce daga ranar sunansa Jakin Aji, ya kuma sa muka tafa masa. Sunan ya bi shi filin ƙwallo, ya bi shi dandali, ya bi shi har ƙofar gidansu. Kafin mu gama aji huɗu ya daina zuwa. Yau fiye da shekara talatin ke nan, mutumin ya yi aure, ya gina gida, ya sauke farali, amma har yanzu a ransa yana ganin hukuncin da aka yanke masa yana ɗan shekara tara shi ne gaskiyar lamarinsa. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne maganar da ya yi da zan tashi. Ya ce ɗansa da ke aji biyar ya zo na kusa da ƙarshe a jarrabawa, kuma yana tunanin cire shi ya zaunar da shi a rumfa, domin a cewarsa, "ni ya gado."

Wannan ne dalilin wannan rubutu. Mun daɗe muna tattauna matsalar ilimi a Arewa ta fuskar azuzuwan da rufinsu ya yaye, da rashin kujeru da littattafai, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai wani gini da ake yi ko a rusa kullum a cikin aji, wanda ba ya bukatar siminti ko kwangila, wato yadda yaro yake kallon kansa. Babban kayan aikin wannan gini kuwa shi ne bakin malami.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, bari in fara da kalmomin kansu. Idan mai karatu ya duba maganganun da muke yi da kalmar "kai" a Hausa, zai ga da yawansu zargi ne: girman kai, ji da kai, ɗaga kai, son kai, taurin kai. Saboda haka da zarar an ce a koya wa yaro ya san darajar kansa, sai dattijo ya ɗauka ana so ne a koya masa fitsara. Alhali kuwa muna da wasu kalmomin da ke nuna cewa Bahaushe ya san wannan abu tun kafin zuwan boko. Muna yabon yaro mai zuciya, muna tir da mutuwar zuciya, muna cewa wane ya san ciwon kansa, muna kuma ganin cin mutunci ya fi duka ciwo. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma na mutumin kirki a wajen Hausawa, a laccarsa da aka buga a 1974, ya sa kunya da ladabi, amma ya sa mutunci a jerin. Ke nan kunya da mutunci ba kishiyoyi ba ne. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba saboda ladabi daban yake da wanda ya sunkuyar da kai saboda ya gaskata cewa shi ba kowa ba ne. A ido kamarsu ɗaya, shi ya sa malamai da yawa ke yabon na biyun da cewa yaro ne shiru-shiru, ba su san wuta ce ta mutu a cikinsa ba.

Abu na biyu ya shafi nahawu, kuma ina roƙon malamai su lura da shi sosai. Akwai bambanci babba tsakanin "ka yi kuskure" da "kai daƙiƙi ne." Jimla ta farko tana ɗauke da aikatau a shuɗaɗɗen lokaci: abu ne da ya faru, ya wuce, ana iya gyara shi gobe. Jimla ta biyu ba ta da aikatau, ba ta da lokaci. Wannan 'yar kalma "ne" ko "ce" da muke kira dirka, da ita muke cewa "wannan dutse ne," "waccan tunkiya ce." Idan malami ya yi amfani da ita a kan yaro, ba labarin abin da yaron ya yi yake bayarwa ba, yana faɗa masa ko shi wane ne jiya da yau da gobe. Masanin falsafar harshe na Ingila, J. L. Austin, a littafinsa da ya fito a 1962, ya nuna cewa wasu maganganu ba bayani ba ne, aiki ne. Mu ma mun san haka: da magana ake ɗaura aure, da magana ake raba shi, da magana ake raɗa wa jariri suna. Malamin da ya tsaya gaban yara saba'in ya kira ɗaya daga cikinsu dolo, raɗin suna ya yi, kuma shaidu sun hallara. Ba banza ba aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana mu jifan juna da miyagun laƙabobi. Hausawa kuma suka ce magana zarar bunu ce.

Binciken masana ya ƙarfafa wannan. A shekarun 1960, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun yi wa yaran wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka gwaji, sa'annan suka ba malamai sunayen kimanin kashi 20 cikin 100 na yaran, suka ce waɗannan za su yi fice a wannan shekara. Gaskiyar magana ita ce sunayen kara-zube aka tsamo su. Da shekara ta ƙare aka sake gwaji, sai aka tarar yaran da aka ambata sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. Sun buga sakamakon a 1968. Masanan da suka biyo baya sun yi ta muhawara a kan girman wannan tasiri, da yawa suna ganin bai kai yadda aka fara zato ba, amma tushen maganar ya tsaya: abin da malami ke tsammani daga yaro yana fitowa a muryarsa, da yawan tambayar da yake yi masa, da tsawon lokacin da yake jira kafin ya ce "zauna." Yaro kuwa ya fi kowa iya karanta fuskar babba.

Daga nan sai batun harshen da yaro ya zo da shi daga gida. Duk wanda ya yi makarantar boko a yankinmu ya san kalmar "banakula." Ana ba monita takarda ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Na yarda niyyar masu wannan doka ita ce yara su iya Turanci. Amma mu tsaya mu duba abin da yaro ɗan shekara bakwai yake fahimta: harshen da mahaifiyarsa ke yi masa magana da shi, wanda liman ke fassara huɗuba da shi, laifi ne a nan. Tun da ba shi da wani harshen, sai ya zaɓi abin da ya rage masa, ya yi shiru. Malami kuma ya dubi shirun ya ce yaron ba shi da kai. Lamarin ya fi tsanani ga 'ya'yan Fulani da ke zuwa daga rugagen da ke kewaye da garuruwanmu, waɗanda Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba, ga dariyar 'yan aji, ga wani lokaci ta malamin kansa.

A 1969 masanin harshe William Labov ya ba da labarin wani yaro baƙar fata ɗan shekara takwas a unguwar Halem ta birnin Niyok. Da babban mutum ya zaunar da shi yana yi masa tambayoyi, ba ya cewa komai sai "a'a" da "ban sani ba," irin amsar da ke sa a rubuta cewa yaro ba shi da baki. Sai aka sauya tsari: mai tambayar ya zauna a ƙasa daidai da yaron, ya zo da soyayyen dankali, ya kuma gayyato babban abokin yaron. Nan take yaron ya ɓarke da surutu, har suna rige-rigen magana da abokinsa. Ashe ba baki ne ba shi da shi ba, wurin ne bai ba shi damar buɗe shi ba. Duk malamin da ke shakkar wannan, ya bi yaron da ya fi kowa shiru a ajinsa zuwa dandali da yamma, ya ji yadda yake tsara tatsuniya da kacici-kacici.

A nan gida Nijeriya, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun fara wani gwaji a 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sa'annan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke shi da komawa ga Turanci. Ina da ra'ayi a kan wannan, amma ba shi ne gabana ba yau. Abin da nake so malamin Kusada da na Kankiya su riƙe shi ne, ko wace manufa ce Abuja ta zaɓa, babu wadda ta ce a wulaƙanta yaro saboda ya yi harshen iyayensa. Ana iya koya wa yaro Turanci ba tare da an koya masa ƙyamar kansa ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne a koma yi wa yara kirari. An gwada wannan a wani wuri, bai haifar da ɗa mai ido ba. A 1986 jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman domin bunƙasa yarda da kai, bisa zaton cewa idan yara suka riƙa jin su wasu ne, karatu zai gyaru da kansa. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka tara, suka ga cewa kumbura wa yaro kai ba ya sa ya ci jarrabawa. Galibi ma nasarar ce ke haifar da yarda da kai. Kafin nan, a 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada 'yan aji biyar: wasu aka yabe su da cewa masu basira ne, wasu aka yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin karaya da gudun abin da zai tona su, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka fi dagewa. A lura, wannan ma batun dirka ne. "Kai haziƙi ne" da "kai daƙiƙi ne" gininsu ɗaya, dukkansu sun ɗaure yaro a turke. Abin da yaro ke bukata shi ne ya ga da idonsa cewa jiya bai iya ba, yau ya iya, kuma wani babba ya lura.

To, me ya sa malamanmu ke yin abin da suke yi? Ba na jin mugunta ce. Yawancinsu haka aka yi masu, ba su ga wata hanya ba. Bugu da ƙari, wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. A wannan jiha aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 domin horar da malamai, kuma Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Isa Kaita duk a can suka yi karatu, duk kuma da alli suka fara aiki. A wancan zamani malamin makaranta shi ne madubin gari. Tun daga guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976, wadda ta cika makarantu da yara fiye da yawan ƙwararrun malaman da ake da su, darajar aikin ta yi ta raguwa, har ta kai matashi na cewa yana koyarwa ne kafin ya samu aiki. Malamin da mai duba makarantu ya yi wa tsawa gaban ɗalibansa, wanda mai shago ya tare da zancen bashi a hanyarsa ta zuwa, ya shiga aji ya tarar da yara sun cika har bakin taga, a kan wa zai sauke? Su ma yaran ba hannu rabbana suke zuwa ba. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, da hare-haren da suka raba ƙauyuka da dama na jihar nan da mutanensu, akwai yaran da ke zaune a aji da tsoron da ya fi ƙarfin shekarunsu. Irin wannan yaro idan ya yi shiru, tambaya yake bukata, ba bulala ba.

Saboda haka ga shawarwarina, kuma babu wadda ke jiran kasafin kuɗi.

Na farko, kowane hedimasta ya zauna da malamansa su yi yarjejeniya cewa a makarantarsu ba a kiran yaro da sunan dabba ko laƙabin aibu, ba a kuma ambatar iyayensa ko sana'arsu ko ƙauyensu da sigar gori. A sa maigadi da masu dafa abinci da masu shara a wannan zama, domin su ma yaro na jin bakinsu, wani lokaci ma su ne farkon wanda yake gani da safe. Wannan ba ya nufin a daina horo. A hukunta laifin, a bar wa yaron mutuncinsa.

Na biyu, malami ya ƙara kalma ɗaya a bakinsa: "tukuna." Tsakanin "ba ka iya ba" da "ba ka iya ba tukuna" akwai ƙofa a buɗe. Idan kuma zai yaba, ya faɗi abin da ya gani: "Jiya layi biyu kika karanta, yau kin karanta biyar." Ya kuma daure ya ƙirga zuwa biyar a zuci bayan ya yi tambaya, kafin ya wuce ga na gaba, musamman ga 'yan mata, waɗanda tun daga gida aka koya masu sassauta murya.

Na uku, a daina al'adar nan ta ranar ba da hutu, inda ake karanta sakamako a taron safe har a kai ga na ƙarshe, a sa yara su yi masa eho. A yabi na ɗaya, yabon gwani ya zama dole. Amma a ƙara kyauta ga wanda ya fi kowa matsawa gaba daga inda yake, ko da daga na sittin ya dawo na arba'in. Na ƙarshe kuwa a kira shi gefe, shi da mahaifinsa.

Na huɗu, a ba kowane yaro wani aiki da zai zama nasa: kaɗa ƙararrawa, riƙon alli, shayar da bishiyar da aka dasa, ƙirga littattafai. A kuma shigo da abin da yara suka sani cikin darasi. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta iya lissafin canji, yaron da ke kiwo ya san sunayen itatuwa da ciyayi fiye da malaminsa. Ranar da aka tashe shi ya koya wa aji abin da ya sani, ranar ce zai fara ganin makarantar tasa ce.

Na biyar, ina kira ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu, su sa ido a kan yadda ɗalibi ke yi wa yara magana lokacin gwajin koyarwa, kamar yadda suke duba tsarin darasinsa. Hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su ma su sa wannan a bitocin da suke shiryawa. Masu duba makarantu kuwa, idan da gyara, su yi wa malami a ofis. Wanda aka mutunta shi ke iya mutunta wani.

Ban faɗi waɗannan daga littafi kawai ba. Ni ma a wannan aji na uku ina da i'ina, kuma da malamin nan ya tashe ni a ranar maimakon abokina, Allah kaɗai Ya san inda nake yau. Abin da ya cece ni shi ne wani dattijon malami da ya karɓe mu a aji biyar. Da ya lura ba na magana, bai taɓa tashi na gaban aji ba. Sai ya riƙa tsayar da ni bayan an tashi, ya miƙo mani littafin Hausa ya ce, "Ɗana, idona ya yi rauni, karanta mani shafi ɗaya." In na sarƙe, sai ya yi shiru yana jira, kamar ba shi da wani wurin zuwa. Sai da na girma na gane lafiyar idonsa lau. Ya rasu ban gaya masa cewa yaron nan mai i'ina yau da magana yake cin abinci ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kafin in bar rumfar abokina na roƙe shi alfarma guda, ya bar yaron ya gama wannan shekara, ya kuma riƙa sa shi rubuta masa lissafin buhuna a littafi kowace yamma, shi yana faɗa da ka, yaron yana rubutawa. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'annan ya ce, "To Dakta, za mu gwada." Gobe da safe wannan yaro zai shiga aji a wata makaranta tsakanin Kankiya da Kusada, wani malami zai tashe shi, wataƙila ya kasa. Ina roƙon wannan malami, ko wane ne shi, ya auna abin da zai fito daga bakinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tun yana ɗanye ne kuma ya fi saurin karyewa. Allah Ya sa mu dace.